Liyarin Hajiya: yadda aka yi wa tsoffin kuɗin azurfa ƙima a wani rabon gado a Jega

A wani gida a Jega, bayan sadakar arba'in ta wata tsohuwa, magada suka zauna da malamin unguwa don a raba abin da ta bari. Gona da ɗaki da 'yan awaki ba su ba da wahala ba, kowa ya san kuɗinsu. Abin da ya tsayar da rabon shi ne wata jakar fata da aka ciro daga ƙasan adakarta, ƙarƙashin zannuwa, cike da tsoffin kuɗi. Mahaifin marigayiyar bafatake ne, irin waɗanda suka yi fataucin goro a lokacin da Jega take babban zango a kan hanyar Gwanja, kuma 'yan gidan sun ce wasu kuɗin daga hannunsa suka fito, wasu na aurenta ne, wasu kuma tsarabar aikin hajji.

Magadan uku ne, maza biyu da mace ɗaya. Babban ya kai jakar wurin wani maƙerin fari, ya ɗora farare na azurfa a sikeli, ya ture masu ruwan ɗorawa da masu huji gefe, ya faɗi kuɗin nauyin azurfa. A nan ne ɗan ƙaramin, wani saurayi ɗalibi, ya ɗaga murya. Ya ga 1780 a jikin manyan kuɗin azurfar da ake kira liyari, ya bincika a waya, ya ga wasu na tallar irinsu da farashin da ya kai na gida. Kafin kwana biyu zargi ya shiga tsakanin wa da ƙane. Malamin ya ce ba zai raba abin da ba a san ƙimarsa ba, a nemo wanda ya san harkar. Da yake tara tsoffin kuɗi abin sha'awata ne tun ina saurayi, kuma an san ni da shi, sai aka aiko mini.

Sharaɗi ɗaya na gindaya tun kafin a kwance jakar: ba zan sayi ko anini daga ciki ba. Wanda ya yi wa abu kuɗi, in ya koma ya saya, ko da gaskiya ya faɗa, maganarsa ta raunana, kuma a gidan da zargi ya riga ya shiga ba a son ƙarin ƙofa.

Muka zauna a zaure da hantsi, inda haske ke shigowa ta gefe. Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, gilashi mai ƙara girma sau goma, maganaɗisu, kofin ruwa, zare, da farin ƙyalle mai laushi da aka shimfiɗa a kan tabarma. Na roƙi kowa, in zai ɗauki kuɗi, ya riƙe ta baki, kada yatsa ya taɓa fuska.

Aikin farko shi ne raba azurfa da abin da ba ita ba, kuma a nan maƙerin bai yi kuskure ba. Kobo da anini masu huji, waɗanda aka fara bugawa a 1907, da ɗari, wato rabin kobo, babu azurfa a cikinsu. Akwai kobo ɗaya na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a kan gadon Ingila ba ya yi murabus. Abin marmari ne, amma an buga shi da yawa, ba ya tsada. Sule da dala, wato sule biyu, masu ruwan ɗorawa gaurayen tagulla ne. Su kuwa farare na 1959, masu rubutun Tarayyar Najeriya, waɗanda aka ci kasuwa da su har zuwan naira a 1973, tagulla ce da nikel, farin ido kawai.

Azurfar Turawan mulki tana cikin 'yan shekaru kaɗan. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila, a 1913 ta fito da dala da sule da sisi da taro. Dala da sule suna da bishiyar kwakwar manja a baya, a gaba kuma kan Sarki George na Biyar sanye da kambi. Azurfa ce mai kyau, kashi 92.5 cikin ɗari. Sule giram 5.66 ne, dala 11.31. Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabi, har ƙarfen da ke cikin sule ya nemi ya fi sulen kansa daraja, sai a 1920 aka koma ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Daga nan azurfar ta fara ɓacewa daga kasuwa, ta shige adakar mata da tukunyar maƙera. A jakar Hajiya mun ƙirga sule 20 da dala 12 na waɗannan shekaru. Wasu suna da ƙaramin harafin H a ƙasa, alamar kamfanin Heaton na Birmingham, marasa harafi kuwa gidan buga kuɗi na gwamnati a Landan ne ya buga su.

Sai riyal uku na Saudiyya masu shekarar Hijira 1354, kowanne giram 11.66, azurfa kashi 91.7. Sai manyan kuɗin Faransa biyu na faran biyar, bugun 1873, giram 25, kashi 90, waɗanda 'yan gidan suka ce ta wajen Kamba suka shigo. Ba abin mamaki ba ne ga garin da ke hulɗa da Dosso da Gaya tun kafin a ja iyaka.

Amma idon kowa yana kan liyari. Guda 11 ne. Biyar an liƙa musu kunne an jera a sarƙa, biyu an huda su, huɗu kuma suna nan yadda aka buga su. Saurayin ya ɗauko ɗaya ya miƙo mini.

"Baba, wanga fa shekararshi ta wuce ɗari biyu da arba'in. Ga ta nan rubuce."

Na ce masa ya duba sauran goman. Ya duba. Duk 1780.

Matar da ke jiki ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. An fara buga kuɗi da kanta tun 1741, kuma 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha suka amince da shi har ba sa son wani. Da ta rasu, maimakon a canza, sai aka ci gaba da bugawa da fuskarta da shekarar rasuwarta, saboda masu karɓa ba sa yarda da sabon fasali. A Ostiriya kanta an daina cin kasuwa da shi tun 1858, amma bugu bai tsaya ba. Daga 1935 aka buga shi a Rum, daga baya a Landan da Faris da Brussels da Bombay da Birmingham, kuma gidan buga kuɗi na Vienna yana buga shi har yau, da 1780 a jiki. Adadin da aka buga ya haura miliyan 300. Ta Sahara ya iso mana, ta hannun fataken Turabulus da Borno. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya samu ana canza irinsa a kan wuri 2,500. To liyarin da ke hannunka zai iya zama wanda ya ga zamanin Sarkin Musulmi Bello, zai kuma iya zama wanda bai kai shekarun mai riƙe da shi ba. Masana suna bambance bugun garuruwa ta 'yan ƙananan alamu, kamar siffar gicciyen da ke bayan shekarar, da gashin wutsiyar gaggafa mai kai biyu, da duwatsun da ke kewaye da maɓallin kafaɗar sarauniyar. Na duba huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, duk fasalin bugun baya ne, wanda ya fi kowane yawa. Haka riyal ɗin 1354 ma, an yi ta buga shi shekaru da wannan shekara ɗaya, har a Amurka.

Saurayin ya yi shiru, ransa bai so ba, kuma ban ga laifinsa ba. Farashin da ya gani a intanet na mai talla ne, wanda kowa ke iya rubuta abin da ya ga dama. Abin dubawa shi ne nawa aka saya, ba nawa aka nema ba.

Liyari na gaske giram 28.07 ne, azurfa kashi 83.3, wato tsantsarta giram 23.39. A bakinsa akwai rubutun Latin mai tudu da ya kewaye shi, ƙarƙashin kafaɗar kuma haruffa biyu, S.F. Goma sun faɗa tsakanin 27 da ɗoriya zuwa 28, gwargwadon gogewa da huji da kunnen da aka ƙara. Na tsakiyar sarƙar ne ya ba ni shakka tun daga nesa, farinsa ya yi toka-toka. A ƙarƙashin gilashi fuskarsa cike take da ƙananan ramuka, haruffan sun yi kumburi babu kaifi, a baki kuma maimakon rubutu sai wani siririn layi inda ɓari biyu na mazubi suka haɗu, an bi shi da magagari. Maganaɗisu bai kama shi ba, amma wannan ba hujja ba ce, tagulla da dalma ma ba ya kama su. Sai muka zare shi daga sarƙar, muka ɗora kofin ruwa a sikeli, muka mayar da shi sifili. Na ɗaure liyari mai kyau da zare na nutsar da shi ba tare da ya taɓa gindin kofin ba, sikeli ya nuna 2.75. In ka raba 28.07 da 2.75 za ka samu wajen 10.2, daidai nauyin azurfa mai wannan gauraye. Na tsakiyar da aka yi masa haka bai kai 9 ba. Da na ɗora su a kan yatsa na ƙwanƙwasa, mai kyau ya yi ƙara siririya mai tsawo, ɗayan ya ce ƙwas ya yi shiru.

Zubi ne na maƙerin gida. Ban kira shi jabu a gaban 'yar marigayiyar ba, domin ba lallai an yi shi don cuta ba. Sau da yawa liyari huɗu ake da su, ana son biyar a sarƙar amarya, sai maƙeri ya danna ɗaya a ƙasar zubi ya fitar da na cikon.

Daga nan muka shiga abin da ya fi cin lokaci, wato duba lafiyar kowane kuɗi. Masu tara kuɗi ba shekara suke saye ba, kuma ba nauyi ba. Suna sayen abin da ya rage na aikin da injin ya buga a ranar farko. A Ingila matakan su ne F ga wanda ya goge amma ana ganin komai, VF ga wanda gogewar ta tsaya a wurare masu tudu, EF ga wanda da ƙyar hannu ya taɓa shi, sai wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. A Amurka lamba suke bi, daga 1 zuwa 70, tsarin da William Sheldon ya fito da shi a 1949: VF ya kama daga 20 zuwa 35, EF 40 zuwa 45, daga 60 zuwa sama kuwa sabo ne fil. Tsakanin mataki da mataki farashi kan ninka, wani lokaci fiye da sau ɗaya.

Na jera sule biyu na 1913 a kan ƙyallen, na ba babban wan gilashin. A na farko, kambin sarkin ya zama sumul, duwatsun da ke jere a gindinsa sun narke sun zama layi ɗaya, gemu da kunci sun haɗe, a baya kuma gangar bishiyar ta rasa zanenta. Wannan ya sha yawo, ya biya haraji, ya sayi gero, ƙimarsa ita ce nauyinsa. A na biyu kowane dutse na kambin yana tsaye da kansa, ana iya bin silin gashin baki, ganyen kwakwar kowanne da tsagarsa. Launinsa ya yi duhu, shuɗi-shuɗi da ruwan ƙasa a gefe, amma da na karkata shi a hasken ƙofa sai wani sheƙi ya tashi daga ƙarƙashin duhun yana zagaya fuskar kamar hannun agogo. Wannan sheƙin daga matsin injin yake fitowa, lokacin da ƙarfe ya malala cikin mazubi ya bar layuka da ido ba ya gani. Sau ɗaya ake yin sa. In ya tafi babu maƙerin da zai dawo da shi.

Babban wan ya ce, "To wanga baƙin shi ne mai tsada? Ni da na ɗauka datti ne."

A nan ne asarar gidan ta fito fili, kuma ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Kafin a kira ni, saurayin ya zaɓi shida da suka fi kyau a idonsa, liyari biyu da dala uku da sule ɗaya, ya goge su da toka da lemun tsami don su fito a hoton da zai sa a Facebook. Idonsa bai yi ƙarya ba, suna cikin mafiya lafiya a jakar. Suna ta walƙiya, fari tas. Amma a ƙarƙashin gilashi fuskar kowanne ta cika da siraran ƙarce masu bin hanya ɗaya, inda yatsa ya yi ta kai da komo, sheƙin asali kuwa babu shi ko kaɗan. Duhun da ke kan tsohuwar azurfa siririyar fata ce da take samu idan ta haɗu da farar wutar da ke cikin iska, kuma masu tarawa suna son ta domin shaida ce cewa ba a taɓa kuɗin ba. Lemun tsami ya cinye fatar, toka ta kankare abin da ke ƙarƙashinta. Ɗaya daga cikin dalolin, ta 1916 mai H, kambinta cikakke ne, da ba a taɓa ta ba da EF zan ba ta ba tare da jinkiri ba. Manyan kamfanonin tantancewa na Amurka, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, ba sa ba wa kuɗin da aka goge ko aka huda ko aka liƙa wa kunne lamba, sai dai su rubuta aibinsa a jikin marufi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Dalar nan ta tsallake tukunyar maƙera shekara ɗari da ɗoriya a ƙasan adaka, ta lalace cikin minti biyar a hannun wanda yake ƙaunarta. Kuma yaron ya yi abin da ya ga iyayensa mata suna yi wa mundaye da zobba ne, wanda a wurin kayan ado daidai ne.

Ƙanen ya tambaya ko a aika sauran masu kyau waje a tantance. Na ce a'a. Kuɗin tantancewa da na aikawa da inshora, a dalar Amurka, za su cinye abin da kuɗin za su kawo, domin ba masu wuyar samu ba ne. Ga kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ta sa fitar da kayan tarihi sai da izini, don haka duk mai niyyar tura tsohon abu waje ya fara tambayar hukumar.

Malamin ya so ya san ko azurfar ta kai nisabi. Muka haɗa tsantsar da ke cikin liyari goma da dala da sule da riyal da na Faransa, ta tsaya ƙasa da giram 550, ba ta kai 595 ɗin da ake lissafa dirhami 200 da shi ba. Ya kuma tunatar da cewa cinikin azurfa hannu da hannu ne, ba a karɓar kaya yau a biya jibi.

Kashi uku muka yi. Na farko waɗanda ƙimarsu nauyinsu ce: gogaggun sule da dala, liyari biyu masu huji, da shidan da aka wanke. Farashin maƙerin a kan waɗannan ba zalunci ba ne, sai dai ya yi wa duka kuɗi ɗaya, alhali giram na sule ya fi giram na liyari azurfa. Da aka lissafa kowane iri da nasa kashin, kuɗin ya ɗan ƙaru. Na biyu waɗanda lafiyarsu ta ɗaga su sama da nauyi: sule huɗu, dala biyu, liyari biyu da ba a taɓa ba, da ɗaya daga na Faransa. Na uku sarƙar. A idon mai tara kuɗi kunnen da aka liƙa ya kashe liyarin, amma ni ban yarda a tsinke ta a auna ba. Aikin maƙerin farin ƙasar nan ne, an yi ta don wuyan mace ɗaya, kuma irinta suna ƙarewa a tukunya kullum ba tare da kowa ya ɗauki ko hotonsu ba. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu yana nan kusa, amma abin da ke adakar tsofaffinmu mata ya fi abin da kowane gidan tarihi zai iya tarawa, kuma magada ne kaɗai ke da ikon cewa kada a narka.

'Yar marigayiyar ta ce wa wanta, "Yaya, a sa mini sarƙar Inna cikin rabona, ko da za a rage mini akuya."

Aka yi mata kuɗin liyari huɗu da sarƙar a kan nauyi, na zubin ba a sa masa kuɗi ba, aka mayar da shi mazauninsa na tsakiya. Kashi na farko, maimakon a kai maƙera, babban wan ya saye shi a farashin nauyin da aka gyara, da yardar sauran, ya biya a zaman. Kashi na biyu na haɗa su da wani mai tarawa daga Gusau, ya zo da kansa, ya duba da nasa gilashin, muka saɓa a kan dala ɗaya da ni na ce EF shi ya ce VF mai kyau, aka tsaya a tsakiya. Kobo da ɗari da anini masu huji da masu ruwan ɗorawa aka bar wa saurayin, shi ya roƙa. Na nuna masa yadda zai sa kowanne a ƙaramar ambulan ta takarda, ya rubuta shekara da harafin gidan bugu da nauyi a baya, ya nisanta su da robar ɗaure kuɗi da leda mai laushi da danshin damina, domin roba tana baƙanta azurfa, ledar kuma tana barin kore mai cin ƙarfe.

Malamin ya haɗa kuɗin da na sauran dukiya, ya raba biyar, maza bibbiyu mace ɗaya. Takardar da na rubuta, mai jerin kowane kuɗi da shekararsa da nauyinsa da matakinsa da inda ya tafi, aka yi mata kwafi uku, kowane magaji ya sa hannu ya karɓi ɗaya.